Me Ya Sa Allurar Da Ta Ci Bara Ta Ƙi Ci Bana?

A kasuwannin dabbobi, da rugage, da gidajen masu kiwon kaji, ana yawan jin kuka iri ɗaya, wai maganin yanzu ba shi da ƙarfin na da. Mutum ya yi wa sansa allura, ya sake, ya kuma sake, amma ciwo yana nan. Wani ya ce jabu aka sayar masa, kuma lalle akwai na jabu a kasuwa. Amma sau da yawa maganin lafiyarsa lau, ƙwayar cutar ce ta daina jinsa.

Magungunan da ake zance a kansu su ne irin su penisilin da teramisin, waɗanda likitoci ke kira antibayotik. Aikinsu shi ne kashe wani irin ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani, ana ce da su bakteriya. Wani likita mutumin Sikotilan, Alexander Fleming, shi ya gano penisilin a Landan cikin 1928, daga irin funfunar nan da ke fitowa a kan abinci. Teramisin kuwa daga wata ƙwaya mai zama cikin ƙasa aka samo shi, ya fito cikin 1950. Tun cikin 1945 Fleming ya ja kunnen mutane, ya nuna in ana ba da maganin bai kai yadda ya kamata ba, ƙwayoyin za su zama ba sa jinsa.

To, yaya wannan ke faruwa? Manomi ba ya bukatar dogon bayani, gama ya san zaɓen iri. Da kaka ya kan ware zangarniyar da ta fi kyau ya ajiye, baɗi gonarsa ta cika da irinta. Haka mai ba da magani rabi da rabi yake yi wa cuta, bai sani ba. Cikin jikin dabba marar lafiya akwai ƙwayoyi dubu dubai, kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba. In magani ya yi kaɗan, sai masu rauni su mutu, masu taurin kai su tsira, su zama iri. Wata ƙwayar kuwa, in ta sami wuri mai daɗi, ta kan rabu biyu kowane minti 20, watau cikin awa 7 guda ɗaya ta wuce miliyan 2. Har wa yau su kan ba juna wannan taurin kai, ko da jinsinsu ba ɗaya ba ne.

Hanyoyi uku aka fi ɓata waɗannan magunguna da su. Ta farko, rage awo. Ana auna allura bisa ga nauyin dabba, amma sai a ga kwalbar da ta isa shanu biyu an raba wa biyar, ko kuwa an daina a rana ta biyu don saniya ta fara cin ciyawa. Ta biyu, ba da magani ga ciwon da ba nasa ba. Kirci bakteriya ke kawo shi, teramisin na cinsa. Amma boru, da murar tsuntsaye, da annobar nan mai murɗe wuyan kaji, wata ƙwaya ce dabam da ake kira bairos, ko an zuba kafso nawa cikin ruwa ba ya taɓa ta. Ciwon hanta kuma tsutsa ce, da nata magani. Ta uku, zuba magani cikin abincin kaji masu lafiya kullum don su yi saurin girma. A Amurka aka faro wannan wajen 1950. Da aka ga illarsa, ƙasar Suwidin ta hana cikin 1986, Tarayyar Turai kuma cikin 2006.

Kada a ɗauka hasarar ta tsaya ga garke. Yawancin magungunan nan dangin waɗanda ake ba mutane ne a asibiti. Ƙwayar da ta taurare cikin hanjin kaza tana fita cikin kashi, ta bi taki zuwa lambu, ta bi ruwa zuwa rijiya, ta hau hannun mahauci. Cikin 2015 masana a ƙasar Sin suka sami irin wannan taurin kai a jikin aladu da mutane, game da kolistin, maganin da likitoci ke ajiyewa sai sauran sun kasa. Ƙasar ta hana sa shi cikin abincin dabbobi don girma cikin 2017. Wani babban lissafi da aka buga cikin 2022 ya nuna mutum wajen miliyan 1.27 suka mutu a duniya cikin 2019 saboda ƙwayoyin da ba sa jin magani, kuma in aka gwada da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce abin ya fi yi wa ɓarna.

Saboda haka ga abin da ya kamata mai dabba ya riƙe. In ciwo ya shiga, a ware marar lafiya, a kira malamin dabbobi ya faɗi ko mene ne kafin a sayi magani. A yi awo daidai, a cika kwanakin da ya yanka. A duba jikin kwalba, akwai kwanakin da aka rubuta a jira kafin a yanka dabbar, ko a sayar da madararta, ko ƙwan kazar. Tafasa ba ta raba madara da sauran magani sarai, kuma irin wannan madara ta kan ƙi yin kindirmo mai kyau. Falke da mahauci su ma su riƙa tambaya kafin su saya.

Daɗa rigakafi ya fi magani. Bushiya, wadda ta share garkuna a ƙasar Hausa da Barno zamanin kakanni, ba antibayotik ya ƙare ta ba, allurar rigakafi ce, har aka ba da shelar ƙarewarta a duniya cikin 2011. Ma'aikatar binciken dabbobi ta Vom tana yin allurar rigakafin cututtukan shanu, da awaki, da kaji. Wanda ya kai dabbobinsa rigakafi a kan kari, ya share akurki, ya ba su ruwa mai tsabta, ya rage kuɗin magani, ya kuma bar wa maganin ƙarfinsa don ranar da ɗansa zai bukace shi.