Teburin Ofis Ma Kara Ne: Mu Gyara Shi Kafin Riba Ta Zurare

Duk wanda ya san fataucin shanu tsakanin Cadi da Kamaru da Nijeriya ya san cewa sa ba ya ƙetare iyaka da ƙafafunsa huɗu kaɗai. Akwai ƙafa ta biyar, ita ce takarda. To amma abin mamaki, mu da za mu shiga kasuwar Adumri mu gane saniya ɗaya cikin ɗari da kallo guda, mu buɗe bakinta mu faɗi shekarunta, sai ga shi rasit ɗaya tak ya gagare mu nema a kan teburin da bai wuce kamu uku ba.

Leƙa yawancin ofisoshinmu a Garwa ka gani. Rasit na bara da na jiya suna tuli guda, ga kofin shayi a kai, ga kwalbar maganin shanu, ga cajar waya, ga hatimi a buɗe kowa na iya ɗauka. In an tambayi takarda sai ka ji an ce, "Tana nan, bari a duba." Wannan "bari a duba" ɗin kuwa kuɗi ne ke tafiya.

Me ya sa takardunmu suka yi yawa?

Dalili shi ne muna aiki a mahaɗar dokoki biyu. Kamaru da Cadi suna cikin ƙungiyar CEMAC mai ƙasashe 6, Nijeriya kuwa tana cikin ECOWAS. A ɓangaren CEMAC, hukumar CEBEVIRHA mai hedikwata a Njamena ta fito da fasfo na shanu da takardar shaidar ƙaurar kiwo tun 1994, na farko domin shanun kasuwa, ta biyu domin makiyaya. Ita ma ECOWAS ta fito da tata takardar ƙaurar kiwo a 1998. Bayan waɗannan ga takardar lafiya ta likitan dabbobi na ma'aikatar MINEPIA, ga shaidar allura, ga rasit na kasuwa, ga na duwan, sa'an nan in an shiga Mubi ko Yola a tarar da wasu kuma. Rabi da Faransanci, rabi da Ingilishi, mu kuwa da Hausa da Fulatanci mu ke ciniki. Ka ga ke nan garke ɗaya na iya tara takardu masu yawa kafin ya isa hannun mahauci.

A ce garken shanu 40 ya tsaya kwana 2 saboda takarda ɗaya ta maƙale a ofis. Za ka sayi harawa, ka biya ruwa, ka ciyar da masu kora, in da tirela kuma direba ya yi maka lissafin kwanansa. A watannin Maris da Afirilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, kwana biyun nan sun isa bijimi ya zube a ido. Daɗin daɗawa, kasuwanninmu mako-mako su ke ci, wanda ya kuskure ranar sai wani makon. Kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: wanda takardarsa ba ta cika ba, shi ne ba ya da bakin magana a kan hanya.

Garke ɗaya, fayil ɗaya

Ba mu haɗa shanun mutum biyu a turke guda ba tare da shaida ba, to haka ya kamata takarda ta kasance. Ranar da aka sayi garke, ranar za a buɗe masa fayil. A bayan fayil ɗin a rubuta kwanan wata, da kasuwar da aka saya, da yawan bajimai da shanu mata da maruƙa, da sunan dillali da la'adarsa, da shaidu, da shugaban masu kora, da inda aka nufa. A ciki kuwa a jera takardun yadda za a buƙace su a hanya, ta farko a sama.

Fayilolin nan a raba su wuri uku kawai: waɗanda garkensu ke hanya, waɗanda aka sayar ana jiran kuɗi, da waɗanda aka gama da su. Na hanya su zauna a durowar sama, na jiran kuɗi a ta ƙasa, waɗanda aka gama kuwa su bar teburin gaba ɗaya su koma akwati. A kan teburin kada a bar komai sai aikin ranar, da littafi, da biro. Wanda bai yi boko ba kada ya ce wannan ba nasa ba ne. Ajami ya wadatar, kuma ana iya bambanta fayil da launi: ja na hanya, shuɗi na bashi, kore an gama. Abin da aka rubuta da Faransanci, a sa yaro ɗan lakwal ya karanta, a rubuta ma'anarsa a gefen kwafin.

Takardar asali ita ke bin shanu, amma kada ta fita ofis sai an yi mata kwafi, a kuma ɗauke ta hoto da waya. Ƙananan rasit ɗin nan da na'ura ke bugawa, zafi na cinye rubutunsu cikin 'yan watanni, saboda haka a kwafe su tun suna sababbi. Haka kuɗin da aka tura ta Orange Money ko MTN, kada a bar shaidarsu a cikin waya kaɗai, domin waya na faɗawa ruwa, ana kuma sace ta. A shigar da lambar saƙon cikin littafi a ranar.

Littafin bashi daban ya ke

Yawancin cinikinmu a kan amana ya ke tafiya, kuma amana ba ta hana rubutu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. To a ware wa bashi littafinsa, kowane mutum da shafinsa, kuma kada a taɓa rubuta adadi ba tare da sunan kuɗin ba. "Ɗari biyar" ta me? Naira ce ko sefa? Jaka ce ko dala? A yi wa sefa layinta, naira layinta, a rubuta canjin ranar a gefe, a kuma ambaci kuɗin da za a biya da shi.

Dattawanmu ba su manta da Janairun 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 ya koma 100 a dare guda. A Yunin 2023 kuma aka saki naira, dalar Amurka da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 700, kafin farkon 2024 ta wuce 1,000. Bashin da aka ƙulla da baki kafin irin wannan juyi, shi ke raba abokan shekara ashirin. Haka da Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, bashin da aka yi zaton na mako biyu ne ya ɗauki watanni, kuma kan mutum ba ya riƙe lissafi kamar takarda.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Bafatake na iya rasuwa da bashin miliyoyi a wajen mutane, duk a cikin kansa. Masu tsoron Allah su kawo, sauran su yi shiru, marayu su tashi a tutar babu. Shi ma abin da ake binsa ba a sani ba balle a sauke masa. Littafi ɗaya da magada suka san inda ya ke, ya isa ya hana wannan.

Maƙiyan takarda

Ƙurar hunturu, da gara, da ɓera, da yoyon damina, duk mun san aikinsu. Tsofaffin fayiloli a sa su a leda cikin akwatin ƙarfe, a ɗora shi kan bulo, nesa da bango, a rubuta shekara a jikinsa. Magani kuma ba wurinsa tebur ba ne. Allurar rigakafi irin wadda cibiyar LANAVET ta Bokle ke sarrafawa sanyi ta ke so, in ta yini a zafi kusa da takardu an yi asara biyu, ta lalace, in ta zube kuma ta ɓata rubutu. Hatimin ofis da littafin rasit su kwana a kulle, mabuɗi a hannun mutum ɗaya da aka sani.

Duk wannan ba ya buƙatar kwamfuta ko sabon ofis. Kuɗin fayil da littafi da kwaɗo bai kai la'adar sa ɗaya ba. Abin da ya ke buƙata shi ne minti 10 kullum kafin a rufe ƙofa: kowace takarda ta koma fayil ɗinta, a shigar da cinikin ranar, a fitar da fayil ɗin garken da zai tashi gobe a duba ko ya cika. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Muna kira ga magatakardan rassa da su fara da nasu teburin a wannan makon, domin na gaba ake kallo. Allah Ya tsare hanya, Ya sa albarka a kasuwa, amin.