Fitsari Ba Ya Ɓoye Sirrin Ƙoda

'Yan'uwa mazauna Jazira da gaɓar Shuɗin Nil, tun daga ƙauyukan Madani har Maiwurno da Sinja, akwai wata cuta da ke cin mutanenmu a ɓoye, wato tabon ƙoda. Kowace ƙoda tana da 'yan matatu wajen miliyan ɗaya masu tace jini dare da rana. Idan ciwo ya daɗe yana taɓa su, sai naman wurin ya taurare kamar kantar da fartanya ke bari a hannun manomi. Inda ya yi kanta kuwa ya daina tacewa, kuma da wuya ya koma yadda yake. Abin tsoron shi ne babu zafi babu zazzaɓi. Gwajin jini ma sau da yawa ba ya nuna komai sai wajen rabin ƙarfin ƙodar ya tafi.

Hawan jini da ciwon sukari su ne manyan masu jawo wannan tabo a ko'ina. Mu kuma muna da ƙari. Tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe tur'o'in noman auduga, katantanwar da ke ɗauke da tsargiya ta sami wurin zama. A ruwan nan muke ban ruwa, mata su yi wanki, yara su yi iyo. Nau'in tsargiya mai sa fitsarin jini yana zuba ƙwai a bangon mafitsara da bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda. Shekara da shekaru sai bututun ya yi tabo ya tsuke, fitsari ya riƙa komawa baya yana kumbura ƙodar har ta lalace. Shirin Lafiya na Shuɗin Nil da aka fara a 1979 ya rage cutar ƙwarai da feshin katantanwa da raba magani, amma da ya ƙare a 1990 sai ta sake ɗago kai.

To, yaya likita zai san yawan tabon? Hanyar da aka fi amincewa da ita har yau ita ce a soka doguwar allura ta baya a tsakuro ɗan naman ƙodar a duba. Wannan sai babban asibiti da ƙwararre, kuma yana iya jawo zubar jini. Shi ya sa masana suka koma ga fitsari, tunda daga ƙodar yake fitowa kai tsaye. A 2010 masu bincike a Turai suka haɗa wani gwaji mai suna CKD273, wanda ke auna ɓurɓushin furotin iri 273, akasarinsu na zaren da tabo ke ginuwa da shi. A 2015 masana a Jami'ar Mishigan ta Amurka suka nuna cewa wani sinadari, EGF, yana raguwa a fitsari gwargwadon yadda tabo ya yawaita. A 2018 kuma likitoci a Jamus suka nuna cewa hauhawar wani, DKK3, tana faɗakarwa cewa ƙarfin ƙoda zai sauka nan kusa. Waɗannan gwaje-gwaje ba su maye gurbin allurar ba tukuna, kuma ba su zama ruwan dare ba ko a asibitocin Turai.

Amma kada mu naɗe hannu muna jiran su, domin fitsarin yana ba da labari da kayan da suka fi sauƙi. Ɗan tsinken takarda da ake tsomawa a ciki yana nuna jini ko furotin cikin minti biyu. Madubin likita yana nuna ƙwan tsargiya. Idan furotin ɗin albumin ya wuce miligiram 30 a ma'aunin likita har tsawon wata uku, to ƙoda ta fara ciwo, kuma a lokacin magani yana iya rage saurin lalacewarta.

Mun ga abin da yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya yi. Da Madani ta faɗi a Disambar wannan shekara, masu wankin ƙoda suka watsu suna neman injin a wasu garuruwa, da yawa kuma ba su kai ba. Wanda ke bukatar wanki sau biyu ko uku a mako, rayuwarsa tana rataye da wuta da hanya da kuɗi.

Saboda haka muna kira ga iyaye: jan fitsari a wurin yaro ba alamar balaga ba ce, cuta ce, kuma ƙwayar firazikwantel tana kashe tsutsar. Mu malaman makaranta da na allo mu riƙa tambayar ɗalibai ba tare da kunyata su ba. Mai hawan jini ko sukari ya kai fitsarinsa a duba ko sau ɗaya a shekara. A rage shan ƙwayoyin kashe ciwo barkatai bayan aikin hawasha, a sha ruwa sosai lokacin zafi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya dawo mana da zaman lafiya, amin.