Ɗauko Iyaye Da 'Yan'uwa Zuwa Amurka: Me Shari'a Ta Ɗora Wa Ɗa?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, wata mas'ala ta fara shigowa gidajen Birnin Kebbi da Argungu, wadda kakanninmu ba su san ta ba. Yaro ya tafi Amurka karatu ko aikin asibiti, ya daɗe har ya zama ɗan ƙasa, sa'an nan ya aiko gida cewa zai ɗauko mahaifansa da ƙannensa su zauna wurinsa. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 bai hana haifaffen ɗan ƙasa riƙe ƙasa biyu ba. Saura maganar haƙƙoƙi, ita ce tamu.

Dokar Amurka ta ba ɗan ƙasa da ya cika shekara 21 damar nemar wa uwarsa da ubansa izinin zama, ba tare da an ƙayyade adadinsu ba. 'Yan'uwa kuwa gurbi 65,000 aka ware musu a shekara, duk duniya, shi ya sa jiransu yakan kai shekara 15 ko fiye. Ƙofar ma ba kullum take buɗe ba. An rufe wa 'yan Nijeriya bizar zama a 2020, aka buɗe a 2021, a Disambar 2025 kuma aka sake sa Nijeriya cikin ƙasashen da aka taƙaita wa shiga.

To, a mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda yake a Risala ta Ibn Abi Zaid, ciyar da iyaye matalauta wajibi ne a kan ɗa mawadaci, amma ba a wajabta masa ciyar da ɗan'uwa ba, wannan sada zumunci ne mai lada. Lalle a lura, abin da aka wajabta shi ne ciyarwa da kyautatawa. Ba mu san inda aka ce sai an raba tsoho da garinsu ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rubuta Bayanu Wujubil Hijra a 1806, malamai kuma tun can ma'auninsu ga wurin zama shi ne samun ikon bayyana addini. Masallatai suna nan a biranen Amurka, ba mu musa ba. Amma dattijon da yake takawa masallacin unguwa sau biyar, ana gaishe shi a hanya, ana neman shawararsa wajen ɗaurin aure da sulhu, in aka kai shi inda masallaci sai da mota, ga shi ba ya tuƙi, ba ya jin harshen mutanen, ɗan kuma yana wurin aiki tun safe, me aka yi masa?

Abin da ya fi damunmu shi ne uba mai iyali. Takardar da ɗa ya cike wa ubansa ta uban ce shi kaɗai, ba ta ɗauke da matansa ko ƙananan 'ya'yansa, uwa ma tata daban ake yi. Dokar kuma tana hana shiga ga wanda zai zo ya zauna da mace fiye da ɗaya. Watau mai mata biyu ko uku zai tafi da uwar wannan yaro, ya bar sauran a Argungu da 'ya'yansu da gonar shinkafa a fadama. Ina rabon kwana? Wa zai tsaya kan tarbiyyar yara? Ɗan ya nufi alheri, amma ya jawo ubansa cikin tauye haƙƙin da Allah zai tambaye shi.

Sai lamuni. Mai ɗauko ɗan'uwa yakan sa hannu a takardar alkawarin ɗaukar nauyinsa, bayan ya nuna cewa samunsa ya kai kashi 125 cikin 100 na ma'aunin talauci na gwamnatinsu. Nauyin ba ya sauka don an ɓata. Yana nan har wanda aka ɗauko ya zama ɗan ƙasa, ko ya yi aikin kimanin shekara 10, ko ya bar ƙasar, ko ɗayansu ya rasu. Wannan shi ne lamunin da muke karantawa a littattafan fiƙihu, kuma farkon Suratul Ma'ida umurni ne da cika alkawari, ko da wa aka ƙulla shi. Kuɗin magani a can dutse ne, sabon zuwa kuma galibi sai ya shekara 5 kafin ya cancanci tallafin gwamnatin tarayya.

A wurinmu ɗan baffa da ɗan inna duk 'yan'uwa ne, to amma dokarsu ba ta san ɗan'uwa ba sai wanda aka haɗa uwa ko uba da shi. Kada son taimako ya sa a rubuta ɗan baffa a matsayin ƙane. Suratul Ahzab ta umurci a kira kowa da ubansa, ga kuma rantsuwar ƙarya, ga ofishin jakadancinsu na Legas yana iya neman gwajin ƙwayoyin halitta, in asiri ya tonu a hana mutum shiga har abada. Haka takardar rantsuwar shekaru da tsofaffinmu marasa takardar haihuwa suke yi a kotu, a faɗi gaskiya gwargwadon sani.

Ba mu ce ɗauko iyaye haramun ne ba. Uwar da mijinta ya rasu, ga ciwo, ba mai jinya a gida, ita ma ta yarda da ranta, kai ta wurin ɗanta yana iya zama mafificin biyayya. Sai dai a gaya mata tun da wuri cewa izinin na zama ne, wanda ya dawo gida ya wuce shekara guda ba tare da izinin komawa ba yana iya rasa shi. In ta ji haka ta ce ita dai a bar ta ɗakinta, sai ɗan ya gyara mata ɗakin, ya yanka mata abin da zai riƙa aikowa duk wata, ya kuma riƙa zuwa da jikokinta tana ganinsu.