Mayar da Giyar Mota Daga Atomatik Zuwa Ta Hannu: Ina Kuɗin Aikin Yake Tafiya?

Yau shirin namu na direbobi ne, musamman masu bin hanyar Sakkwato zuwa Achida, Wurno da Goronyo, da masu ratsewa zuwa Rabah. Maganar ita ce motar da aka sayo atomatik, ake so a mayar da ita mai giyar hannu.

Me ke kai mutum ga haka? Turi, jama'a, turi. Ka loda buhunan albasa da tafarnuwa a fadamar Wurno, ko shinkafa a gonakin da ke shan ruwan madatsar Goronyo, batir ya mutu. In giyar hannu ce, matasa uku sun ishe ka: ka sa giya ta biyu, su tura, ka saki kuloci, mota ta tashi. Atomatik kuwa ko mutanen gari duka suka taru ba za ta tashi ba, domin famfon man da ke cikin giyarta sai injin yana juyawa yake aiki. Ga kuma tsadar fetur tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023, alhali tsofaffin motocin atomatik sun fi shan mai.

Akwai kuma tarihi. Tun 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, kuma a kan 504 mai giyar hannu dattawan kanikawanmu suka koyi sana'a, su kuma suka koyar da yaransu. Giyar hannu suna kwance ta su ɗaura ba gargada. Ta atomatik in ta lalace, sau da yawa sai dai a sayo wata sukutum. Motocin Kwatano da suka fito daga Amurka kuwa galibinsu atomatik ne.

To, kuɗin aiki. A Amurka da awa ake biyan bakanike, har kuɗin aikin kan fi darajar tsohuwar motar. A nan kaya ne ke bin farashin dala, aikin hannu kuma ciniki ake yi. Wannan cinikin shi ke damuna, domin mai mota yakan matse bakanike har ya karɓi abin da ba zai ishi aikin ba.

Aikin ba na mutum ɗaya ba ne, ku saurara da kyau, ba na mutum ɗaya ba ne. Bakanike zai sauke tsohuwar giya, ya ɗaura filawil da farantin kuloci, sau da yawa ya canza shaf domin tsawonsu ya bambanta. Mai walda zai huda jikin mota a kafa fedar kuloci, ya gyara mazaunin giya. Sannan mai wayarin, wanda aka fi mantawa da shi wurin ciniki. Kwamfutar motar tana jiran saƙo daga giyar da aka cire, sai an canza ta ko an daidaita ta. Fitilar ribas da agogon gudu duk sai an sake haɗa su.

Akwai wani makunni da ke hana atomatik tashi sai an ajiye ta a P ko N. In aka yi aikin araha, haɗe wayoyinsa kawai ake yi, shi ke nan mota na iya tashi tana cikin giya, ta zabura gaba. A ƙofar gida, inda yara ke wasa. Don Allah a biya mai wayarin ya mayar da makunnin kan fedar kuloci, yadda sai an taka motar za ta tashi.

Lokaci na hararar mu, sai in taƙaita. Kafin a kwance ko noti ɗaya, ka tambayi bakanike: wannan kuɗin, da kaya ne ko aiki zalla? Ya haɗa da walda da wayarin? Wa zai je Sakkwato ko Ƙofar Ruwa a Kano sayo kayan, kuma in giyar ta zo da matsala wa zai mayar? A nemi kayan duka daga mota iri ɗaya da taka. Tsohuwar giyar da aka sauke kuma dukiyarka ce, a yi mata kuɗi a rage a cikin lissafi.