Jan ƙarfe da gyaran fata: ina gaskiya, ina talla?

Masu tallar kayan gyaran jiki sun samo sabuwar waƙa: wai a riƙa haɗiyar ƙwayar sinadarin jan ƙarfe, fata ta ɗame, yamutsewar fuska ta baje, furfura ta koma baƙa. Maganar tana shiga kunne ne domin akwai ɗan gaskiya a gindinta.

Fatar ɗan Adam tana tsaye ne kan zaruruwa iri biyu, kolajin mai ba ta ƙwari da ilastin mai sa ta miƙe ta dawo. Akwai wani sinadari, laisil oksides, da ke ƙulle zaruruwan nan da juna, kamar yadda masaƙi ke sarƙa zare har ya zama zane. Idan babu jan ƙarfe, ba ya aiki. A 1962 likita John Menkes ya bayyana wata cutar gado a Amurka, wadda ta fi kama jarirai maza: hanjinsu ba ya iya miƙa jan ƙarfe cikin jini. Za ka ga fatar yaro ta saki sakwaf, gashinsa a murɗe, fari-fari, yana karyewa da an taɓa, jijiyoyin jininsa ma sun yi rauni. Wannan kam tabbas ne.

Inda aka saki hanya shi ne cewa ƙari yana ƙara kyau. Babban mutum mikrogiram 900 yake buƙata a rana, bai ma kai miligiram 1 ba, kuma hanta da riɗi da gyaɗa da wake suna wadatar da shi. Da jiki ya samu rabonsa na jan ƙarfe, hanta ce ke fama da fitar da ragowar. Wanda ya daɗe yana wuce miligiram 10 a rana yana wasa da hantarsa, balle mai cutar Wilson, wadda ke tara jan ƙarfe a jiki.

Furfura fa? Launin gashi na buƙatar jan ƙarfe, amma furfurar shekaru daga ƙarewar ƙwayoyin da ke yin launin take. Munduwar jan ƙarfe da ake cewa tana sauƙaƙa ciwon gaɓoɓi kuwa, Jami'ar York ta Ingila ta gwada ta a kan masu ciwon, sakamakon da ya fito a 2013 bai nuna wani sauƙi ba.

Masu ƙarancin jan ƙarfe na gaske suna nan: yara masu tamowa, waɗanda aka yi wa tiyatar ciki, da masu yawan shan ƙwayar zinki, wadda ke tare jan ƙarfe tun a hanji. Alamarsu ƙarancin jini ne da sagewar ƙafafu, kuma gwajin jini ke tabbatarwa.

Abin da ya fi damuna shi ne mai shafa man bilicin, wanda wasu nau'o'insa ke siranta fata, ta koma neman gyara a ƙwayar jan ƙarfe. 'Yar'uwa, ajiye man tukuna, ki je ki ga likitan fata.