Kafa Inji a Cikin Ɗaki: Yadda Ake Shawo Kan Girgiza da Hayaƙi

Gabatarwa

Da wuya a sami unguwa ko ƙauye a ƙasar Hausa inda ba a jin kukan injin da aka kafa wuri ɗaya. Ko dai na niƙan hatsi ne, ko na markaɗe, ko na casar shinkafa, ko kuma janareton da ke bai wa makaranta ko asibiti wuta. Saboda gudun ɓarayi da ruwan sama da ƙurar hunturu, akan gina wa irin wannan inji ɗaki. To amma da zarar ya shiga ɗakin, sai abubuwa biyu su taso, wato girgiza da hayaƙi. Jama'a kan ɗauki girgiza a matsayin abin da ke damun gini kawai, hayaƙi kuwa abin da ke damun hanci. Alhali kuwa a ɗaure suke da juna: injin da ke rawa shi ne ke tsaga bututun hayaƙinsa, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Asalin girgiza

A cikin inji akwai fistin da ke hawa da sauka. Duk lokacin da ya kai ƙarshen tafiyarsa, dole ya tsaya cak ya juyo, kuma ƙarfin wannan juyowa yana fizgar jikin injin. Haka nan duk lokacin da mai ya kama wuta, injin yana shan naushi daga ciki.

A ɗauki misalin injin Lister mai fistin ɗaya, wanda aka soma ƙerawa a garin Dursley na Ingila wajen 1930, aka daina ƙera shi a can a 1987, amma masana'antun Indiya suka ci gaba da kwaikwayonsa. Yana juyawa kimanin sau 650 a minti ɗaya, wato kusan sau 11 a daƙiƙa. Da yake sai ya juya sau biyu mai ke kama wuta sau ɗaya, naushin yana zuwa wajen sau 5 a daƙiƙa. Babban janareton dizal kuwa yawanci sau 1,500 yake juyawa a minti, wato sau 25 a daƙiƙa. Wannan bambanci shi ne ke nuna irin gindin da ya dace da kowanne.

Darasi daga lilo

Kowane abu yana da saurin kaɗawa na kansa. Yaron da ke tura ɗan'uwansa a lilo ya san haka: in ya tura a daidai lokacin da lilon ya juyo, ƙaramin turi ma ya isa ya kai shi sama. Haka yake ga inji. Idan saurin bugunsa ya yi daidai da saurin kaɗawar abin da yake zaune a kai, girgizar sai ta ninka.

Injiniyoyi suna da lissafi a kan wannan. Robar da nauyin inji ya danne ta da santimita 1 tana kaɗawa kimanin sau 5 a daƙiƙa. In aka ɗora mata janareto mai juyawa sau 25 a daƙiƙa, abin da zai isa ƙasa daga girgizar bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Amma in aka ɗora mata inji mai jinkiri irin Lister, naushinsa ya zo daidai da kaɗawarta, sai a ga injin yana tsalle kamar zai tashi. Ƙa'idar ita ce, roba ko sifirin ba su soma rage girgiza sai saurin injin ya wuce nasu da fiye da ninki 1.4, kuma an fi so ya kai ninki 3. Wannan ne dalilin da ya sa tsohuwar tayar mota da akan cusa a ƙarƙashin inji takan yi amfani a wani wuri, ta ƙara ɓarna a wani.

Gindin kankare

Maganin inji mai jinkiri shi ne nauyi. Akan zuba masa gindi na kankare wanda ya ninka nauyinsa sau 3 zuwa 5. Kankare mai tsawon mita 1, da faɗin mita 1, da kaurin mita 1, nauyinsa kimanin kilo 2,400 ne. Saboda haka injin da ya kai kilo 400 zai zauna daram a kan gindi mai tsawon mita 1.5, da faɗin mita 1, da kaurin rabin mita, domin nauyin wannan ya kai kilo 1,800.

Akwai sharuɗɗa uku. Na farko, gindin ya tsaya shi kaɗai a kan ƙasa mai tauri, kada ya haɗu da daɓen ɗaki ko harsashin bango. Akan bar rata ta santimita 2 ko 3 kewaye da shi, a cike ta da abu mai laushi kamar roba. In aka haɗe su, bango zai riƙa kai girgizar har ɗakin maƙwabci, ya kuma soma darewa. Na biyu, a binne ƙusoshin ɗaure injin tun kankaren yana ɗanye, bisa awon ramukan ƙafafunsa. Na uku, a yi haƙuri a riƙa yayyafa masa ruwa, domin kankare kan ɗauki kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da ake lissafi da shi.

Gubar da ba a gani

Abin da ya fi haɗari a hayaƙin inji ba baƙin da ido ke gani ba ne. Wata iska ce mai suna kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Tana samuwa ne idan mai bai ƙone sarai ba, kuma injin fetur ya fi na dizal fitar da ita nesa ba kusa ba.

A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai wani sinadari, hemogilobin, wanda aikinsa ɗaukar iskar oksijin daga huhu zuwa sassan jiki. Kabon monoksaid tana manne wa wannan sinadari da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Ke nan ko kaɗan ce a ɗaki, sannu a hankali za ta mamaye gurbin oksijin, ƙwaƙwalwa da zuciya su shiga yunwa. Masanin Faransa Claude Bernard ya bayyana wannan a 1857. Daga baya John Scott Haldane na Birtaniya ya ba da shawarar masu haƙar kwal su riƙa shiga rami da ɓera ko ƙaramin tsuntsu, domin gubar ta fi saurin kayar da su, sai mutum ya farga ya fita.

Alamomin farko su ne ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da kasala, waɗanda a nan akan yi saurin ɗora wa zazzaɓin cizon sauro. Abin lura shi ne, idan mutane da yawa a wuri ɗaya suka kamu a lokaci guda, ba zafin jiki, kuma suka ji sauƙi da suka fita waje, to a tuhumi inji. Mai barci kuwa ba ya ganin wata alama, sai dai a wayi gari a tarar da shi. Mata masu juna biyu da ƙananan yara, waɗanda su ne suka fi jiran layi a gidan niƙa, sun fi kowa rauni gare ta.

Hayaƙin dizal ma ba kanwar lasa ba ne. A 2012 hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankarar huhu.

Hanyar fitar da hayaƙi

A nan ne matsalolin biyu ke haɗuwa. Inji yana motsi, bango ba ya motsi. In aka haɗa su da sandararren bututu, kullum yana lanƙwasuwa kaɗan-kaɗan har ya tsage a wurin walda, hayaƙi ya riƙa zuba a ɗaki. Ga kuma zafi: bututun ƙarfe mai tsawon mita 3, in zafinsa ya ƙaru da digiri 400, yakan ƙara tsawo da kusan milimita 14. Don haka wajibi ne a sa guntun bututu mai tanƙwaruwa a bakin injin, a kuma rataye salansa da sauran bututun da maɗaurinsu, kada nauyinsu ya hau kan injin.

Bututun ya zama gajere, mai faɗi, marar yawan kwana, domin injin da hayaƙi ya shaƙe shi ya fi yin zafi da shan mai. Inda ya ratsa bango a bar masa rata, a cike da abin da ba ya cin wuta, a nisanta shi da jinka da katako da ƙurar gari. Bakinsa ya wuce saman rufi, ya kauce wa tagogi, a kuma kare shi daga ruwan sama. A tuna cewa iska daga arewa maso gabas take kaɗawa da hunturu, da damina kuwa daga kudu maso yamma. Bakin da ya dace a watan Janairu yana iya tura hayaƙi cikin aji a watan Agusta.

Ɗakin kansa yana bukatar kafar shigar iska a ƙasa, da ta fita a sama a bangon da ke fuskantarta. Kada ya haɗa ƙofa ko sili da ɗakin kwana. Na'urar da ke ƙara idan ta ji kabon monoksaid tana da amfani ƙwarai. Ƙaramin janareton fetur kuwa ba shi da gurbi a ɗaki, ko zaure, ko shago, ko da ƙofa a buɗe take. Wurinsa fili, kimanin mita 6 daga ƙofa da taga.

Kammalawa

Idan aka tarar da wanda hayaƙi ya buge, a buɗe ƙofofi, a kashe injin, a fitar da shi waje, a garzaya da shi asibiti. Ɗura masa manja ko madara ba ya raba gubar da jini, yana ma iya shaƙe shi. A iskar waje, sai an yi awa 4 zuwa 5 kafin rabin gubar ya fita. Da oksijin na asibiti, abin bai wuce awa ɗaya da rabi ba.

Malamin kimiyya na iya kai ɗalibansa gidan niƙa mafi kusa. Su ajiye kofin ruwa a jikin bango su ga ko yana rawa, su duba mahaɗar bututu ko akwai baƙin tabo, domin tabon shi ne shaidar yoyo. Wanda ya gano tsaga tun tana ƙarama, wataƙila rai ya ceta.