Gayyar Kwashe Shara a Unguwa: A Fara Sanin Inda Za a Kai Ta

Aikin gayya ba baƙonmu ba ne. Da shi iyayenmu suka nome gonaki, suka yi yaɓen katanga, suka gyara maƙabarta. Gayyar kwashe shara ita ma haka take: mazauna unguwa su sa rana, su fito da ƙarfinsu da kayan aikinsu, su share layi, su yashe kwata, su tashi juji, ba tare da wani ya biya su ba. Ta bambanta da ranar tsaftar muhalli ta gwamnati, wadda ta samo asali daga shirin yaƙi da rashin ɗa'a na tsakiyar shekarun 1980, kuma har yau ake yin ta a Kano ranar Asabar ɗin ƙarshen wata. Waccan doka ce, shi ya sa da yawanmu kan zauna a gida ne kawai muna jiran a buɗe hanya. Gayya kuwa yarda ce tsakanin maƙwabta.

Yana da kyau mu fahimci cewa sharar ce ta canza, ɗabi'armu ba ta bi ta ba. A da, abin da ke fita daga gida toka ce da ɓawo da kashin dabbobi da ragowar abinci, duk masu ruɓewa. Manoman kewayen birnin Kano har zuwa suke yi da jakuna su cika mangala su kai gona a matsayin taki. Yau mafi yawan abin da ke kan juji baƙar leda ce, da ledar fiya wata, da robar lemo, da ƙunzugun jarirai na zamani. Waɗannan sukan yi shekaru aru-aru ba su ruɓe ba. Wanda ya watsa su a kwata ba mugunta yake nufi ba, ya saba ne da tunanin cewa ruwa zai tafi da su. Ruwan yana tafiya da su, amma zuwa bakin kwalbati na gaba kawai, inda suke cunkushewa da yashi su toshe hanya.

Daga nan sauran matsalolin suke biyowa. Ruwan da ya rasa mafita yakan koma layi, ya ci gindin katangar ƙasa, ya shiga ɗakuna. Idan ya janye sai ya bar 'yan kududdufai, kuma a lokacin zafi kwana goma ko ƙasa da haka sun isa ƙwan sauro ya zama sauro mai cizo. Idan kuma ruwan kwata ya sulale cikin rijiya ko fasasshen bututun famfo, hanyar amai da gudawa da taifot ta buɗe. Dabbobi ma ba su tsira ba. Mahauta sun sha ciro dunƙulen leda daga tumbin akuyar da ta yi ta ramewa mai ita bai san dalili ba.

To, ta ina ake farawa? A ganina, tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce wadda aka fi mantawa da ita: idan mun tara, ina za mu kai? Duk mun san wannan hoton. Matasa sun shiga kwata har gwiwa tun da sassafe, sun fito da baƙin taɓo mai wari sun jibge shi tsibi-tsibi a gefen hanya, an yi musu sannu da aiki, kowa ya watse. Kwana biyu kaji sun tone shi, 'yan adaidaita sun taka, ruwan farko ya sauka ya mayar da shi inda aka ciro shi. Waɗanda suka sha wahalar nan da wuya su sake fitowa, kuma ba za a ga laifinsu ba. Saboda haka kada a sa rana sai an tabbatar da motar da za ta kwashe. A Kano akwai hukumar kwashe shara ta jiha, REMASAB. A ko'ina kuma akwai sashen lafiya na ƙaramar hukuma da jami'ansa da muka fi sani da duba-gari. A je musu da takarda mai ɗauke da sa hannun mai unguwa, a yarda a kan rana da wurin tarawa. In motar hukuma ba za ta samu ba, a yi karo-karo a ɗauki tifa tun kafin ranar. Taɓon kwata yana buƙatar yini ɗaya ko biyu ya tsane kafin a loda shi, don haka a tsara zuwan motar daidai da hakan.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen rani, wajen Afrilu zuwa Mayu, kafin damina ta kankama. Sanarwa kuwa ba ta wuce bakin mai unguwa da limaman masallatan layi, sai 'yan ƙungiyar matasa su bi gida-gida. Kada a ɗauki unguwa gaba ɗaya a rana guda. Layi biyu da aka gama sarai sun fi goma da aka taɓa aka bari. Kuma yashe kwata daga ƙasa ake fara shi, wato daga inda ruwa ke fita, a yi sama, don ruwan da aka saki ya samu hanya. Wannan yakan sa dole a yi magana da unguwar da ke gangare, domin kwata ba ta san iyakar mai unguwa ba.

Kayan aikin sanannu ne: shebur, manjagara, baro, tsintsiya da buhuna. Abin da ba a cika tanada ba shi ne kariya. Duk mai shiga kwata ya sa dogon takalmin roba da safar hannu mai kauri, saboda fasasshiyar kwalba da ƙusa da allurar da aka yar. Wanda ya yanke ya wanke wurin da sabulu ya tafi asibiti a duba batun allurar tetanus, cutar nan mai sandarar da jiki. A ajiye ruwa da sabulu a bakin layi. Yara su tsaya a tsintar leda a busasshen wuri ƙarƙashin kulawar babba. Kwata ba wurinsu ba ne. Mata kuma, waɗanda sharar gida ke bi ta hannunsu kullum, a sanar da su tun da wuri su fito da tasu a buhu, kuma a ji shawararsu a kan wurin da ya kamata a riƙa zubarwa.

A ware ƙarfe da gwangwani da robobi gefe ɗaya, 'yan gwangwan za su saya, kuɗin ya rage tsadar mota. Abin da bai kamata a yi ba shi ne cinna wa tarin wuta. Hayaƙin leda da taya guba ne, kuma masu asma da jarirai da tsofaffi ne ke fara jin jiki.

Bayan an tashi daga aiki, kafin mutane su watse, a zauna a yanke magana ɗaya: daga gobe ina kowane gida zai kai shararsa? Yaron da aka aika da bokiti zai juye shi ne a wuri mafi kusa in ba a nuna masa wani ba. Wasu layukan sukan ɗauki mai baro suna biyansa duk mako, kowane gida da ɗan abin da zai bayar. Wasu su nemi hukuma ta ajiye musu babban mazubi. Kowanne aka zaɓa, a ba mutum biyu ko uku alhakin bibiya, a rubuta abin da aka tara da abin da aka kashe a karanta wa jama'a, sannan a sanar da ranar gayya ta gaba a wurin.